Intanet Mai Mantuwa: Tarihin Yadda Shafuka Suka Koyi Riƙe Wanda Ya Shigo

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, da kuma masu son karantawa a natse.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani abu da kowannenmu ke amfani da shi sau da yawa a rana ba tare da ya san sunansa ba. Ka shiga shafi, ka sa sunanka da kalmar sirri, ka latsa nan ka latsa can, shafin bai sake tambayarka ko kai wane ne ba. Wannan riƙon da shafin ya yi maka, daga shigarka har fitarka, shi masu rubuta manhaja ke kira seshon. Mu a nan za mu ce masa zama. Duk wanda ya taɓa cike fom mai shafi biyar a ranar da za a rufe rajista, yana dab da latsa maɓallin ƙarshe aka watso shi waje aka ce ya sake shiga, ya san zafin ɓacewar zama.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a kan mantuwa aka gina yanar gizo, kuma da gangan. Lokacin da Tim Berners-Lee ya tsara ta a cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Geneva na Suwizalan, tsakanin 1989 da 1991, burinsa masana kimiyya su riƙa karanta takardun juna. Ƙa'idar da ya rubuta, HTTP, mai sauƙi ce ƙwarai. Burauzarka ta ce ba ni takarda kaza, saba ta miƙo, a katse layi, shi ke nan. Saba dai ita ce kwamfutar da shafin ke zaune a cikinta. Ka dawo bayan daƙiƙa ɗaya, a wurinta kai baƙo ne da ba ta taɓa gani ba. Kuma wannan mantuwar alheri ce a lokacin, domin sabar da ba ta riƙe kowa a rai ba ta gajiya da wuri, kuma idan ta mutu ba ta mutu da amanar kowa ba.

Matsala ta fara ne da aka so yin ciniki. Ba yadda za a yi ka sayar wa mutum kaya idan tsakanin ɗaukar takalmi da zuwa wurin biya ka manta da shi. A 1994, kamfanin sadarwa na MCI a Amurka ya nemi Netscape ya gina masa manhajar kasuwanci, amma ya ce ba ya son sabobinsa su riƙa ɗauke da bayanin cinikin da ba a kammala ba. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta. Wani matashin injiniya a Netscape, Lou Montulli, wanda bai kai shekara 25 ba a lokacin, shi ya kawo mafita a watan Yuni na wannan shekarar. Saba za ta ba burauza wani ɗan guntun rubutu, burauzar ta adana, duk lokacin da ta dawo ta nuna shi. Ya aro sunan daga wata tsohuwar kalmar masu amfani da Unix, ya kira shi kuki. Burauzar Netscape da aka saki a watan Oktoban 1994 ta zo da shi, kuma yawancin jama'a ba su ma san yana nan ba sai da jaridar Financial Times ta yi rubutu a kansa a watan Fabrairun 1996.

To amma kuki ƙarami ne, kusan kilobait 4 kawai yake ɗauka, kuma yana hannun mai ziyara. Abin da ke hannun mutum kuwa zai iya sauya shi. Idan ka rubuta a cikin kuki cewa farashin kaya dubu goma ne, mai wayo zai mayar da shi naira goma. Sai aka koma dabarar mai gadin mashina a bakin kasuwa: mashin ɗinka yana wurinsa, kai kati mai lamba kawai ya ba ka. Kuki ya zama katin, doguwar lamba ce da ba za a iya cinkarta ba, ainihin bayanan kuma, wato sunanka da abin da ke kwandon sayayyarka da matakin da ka kai a fom, suna cikin ƙwaƙwalwar saba, wadda muka fi sani da RAM. A ƙarshen shekarun 1990 ASP na Microsoft da Java duk sun zo da wannan tsari, PHP ma ya shigo da nasa a sigarsa ta 4 a shekarar 2000. Kowa kuma ya yanka wa'adinsa. ASP yana share zamanka idan ka yi minti 20 ba ka motsa ba, Tomcat, sabar Java da aka miƙa wa Apache a 1999, minti 30, PHP kuma daƙiƙa 1440, wato minti 24. Har gobe waɗannan lambobin suna nan a shafuka da yawa, saboda ba wanda ya damu ya sauya su.

Kun lura da abin da ya faru? An dawo wa saba da kayan da MCI ya ce ba ya so.

Muddin saba ɗaya ce, komai lafiya. Amma shafi ya yi farin jini, mutane sun yi yawa, saba ɗaya ta kasa. Sai a sayo ta biyu da ta uku, a sa wata na'ura a gabansu mai raba lodi, kamar ɗan kamasho a tasha yana cewa kai shiga wannan motar, ke shiga waccan. Ka shiga shafi, mai raba lodi ya tura ka saba ta ɗaya, ta rubuta zamanka a ƙwaƙwalwarta. Ka latsa wani abu, wannan karon ya tura ka ta biyu. Ka nuna katinka, ta ce ita ba ta san wannan lambar ba. An watso ka.

Maganin farko shi ne mannewa. Mai raba lodi ya haddace cewa wane na saba ta ɗaya ne, kullum can zai tura shi. Wannan yana aiki, kuma har yanzu ana yin sa. Sai dai ranar da saba ta ɗaya ta mutu, ko kawai aka kashe ta don a sabunta manhaja, duk waɗanda ke manne da ita sun yi asarar zamansu lokaci guda. Ga kuma wani abin haushi: idan cunkoso ya yi yawa ka ƙaro sabuwar saba, mutanen da suka riga suka manne da tsofaffin ba za su koma kanta ba. Tana zaune tana hamma, 'yan'uwanta suna nishi.

Magani na biyu, kwafi ga kowa. Duk sabar da ta rubuta wani abu a zama, ta aika wa dukkan sauran. Tomcat yana da irin wannan tsari, kuma su kansu masu shi sun ce na ƙaramin garke ne. Ku yi lissafin da kanku. Saba 4, kowane sauyi sai an aika wa 3. Saba 50, sai an aika wa 49. Kuma tunda kowace saba tana ɗauke da zaman kowa da kowa, ƙara saba ba ya ƙara maka wurin ajiya ko kaɗan. Ka kashe kuɗi ka sayi ɗakuna hamsin, amma kayan ɗaki ɗaya kake iya ajiyewa.

Magani na uku, a zuba zaman a rumbun bayanai, irin su Oracle ko MySQL, kowace saba ta je can ta duba. A nan ba a asarar komai, amma rumbun yana rubutu ne a faifai, kuma faifan wancan zamanin mai juyawa ne. Kafin allurarsa ta lalubo abu yakan ɗauki kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Kamar ba komai ba ko? To ka tuna kowace latsawa ta kowane mutum sai an karanta zamansa, sau da yawa kuma sai an sake rubutawa. Rumbun da ya kamata ya ji da lissafin kuɗi da oda, sai ya ƙare yana aikin duba kati a bakin ƙofa.

A nan ne wani lissafi ya sauya tunanin injiniyoyi. Aika tambaya zuwa wata kwamfuta a cikin gini ɗaya a dawo da amsa yakan ɗauki kusan rabin kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa. Ma'ana, ɗauko abu daga ƙwaƙwalwar maƙwabciya ya fi ɗauko shi daga faifanka sauri, wajen ninki ashirin. To me zai hana sabobin su yi karo-karo, kowace ta ba da wani yanki na RAM ɗinta, a haɗa ya zama babbar ƙwaƙwalwa guda wadda kowa ke gani? Wannan shi ne abin da masana ke kira data girid. Mu bari mu ce masa ƙwaƙwalwar karo-karo.

Tambayar da ta rage: zaman wane, a wace kwamfuta za a ajiye shi? Hanya mai sauƙi ita ce a mayar da lambar katin zuwa adadi, a raba da yawan sabobin, abin da ya saura shi ne lambar sabar. Tana aiki har zuwa ranar da yawan sabobin ya sauya. Daga 10 ka koma 11, kusan kashi 90 cikin 100 na kayan sai sun sauya wuri. A 1997 wasu masu bincike a jami'ar MIT, ciki har da David Karger da Tom Leighton da ɗalibinsa Daniel Lewin, suka wallafa wata dabarar rabo wadda idan ka ƙara saba ta 11, kusan kashi ɗaya cikin 11 ne kawai zai motsa, saura su zauna inda suke. Leighton da Lewin sun kafa kamfanin Akamai a 1998 a kan irin wannan tunani. Lewin dai bai ga inda abin ya kai ba, yana cikin jirgin farko da aka kai hari da shi a New York ranar 11 ga Satumban 2001.

Daga nan hanya ta rabu biyu, ta masu kuɗi da ta talakawa. Kamfanin Tangosol, wanda Cameron Purdy ke cikin waɗanda suka kafa shi a jihar Massachusetts a 2000, ya fitar da Coherence a 2001, kuma daga baya ya yi masa wani ɓangare na musamman don riƙe zaman shafuka. Bankuna da manyan kamfanoni ne suka fi saye, Oracle kuma ya saye kamfanin ɗungurungum a 2007. GemFire na kamfanin GemStone ma ta wannan layin ya bi. A ɗaya ɓangaren, a 2003, Brad Fitzpatrick, matashin da ya kafa LiveJournal, ya ga rumbun bayanansa na neman durƙushewa, sai ya rubuta memcached ya sake shi kyauta. Facebook da Wikipedia da YouTube duk sun dogara da shi. Mutane suka yi ca suna zuba zaman masu ziyara a ciki, duk da cewa masu kula da shi sun yi ta gargaɗi. Dalili kuwa, memcached ba ma'aji ba ne, wurin ajiyar wucin-gadi ne. Ba ya kwafi, kuma idan ya cika sai ya jefar da abin da aka daɗe ba a taɓa ba, ba tare da ya sanar da kowa ba. Idan hoton da za a iya sake ɗaukowa ya jefar, ba asara. Idan zamanka ne, ka fita ke nan.

Wanda ya cike giɓin, wato ƙwaƙwalwar karo-karo mai kwafi kuma kyauta, wani injiniya ne ɗan Turkiyya, Talip Ozturk, da ya saki Hazelcast a 2008. Shekara ɗaya bayan haka Salvatore Sanfilippo ya fitar da Redis daga tsibirin Sicily na Italiya, Infinispan na JBoss ma ya fito a 2009 ɗin. Abin sha'awa ne a ce biyu daga cikin kayan aikin da suka fi tasiri a wannan fanni ba a Silicon Valley aka fara su ba.

Bari mu buɗe cikin Hazelcast mu gani, don a nan ne za ku fahimci abin da ake saitawa. Idan ba ka taɓa komai ba, yana raba duk bayanan zuwa akwati 271. Kowane zama, gwargwadon lambarsa, yana da akwatin da zai faɗa, kuma wannan ba ya sauyawa. Abin da ke sauyawa shi ne wace saba ke riƙe da wane akwati. Saba 3, kowace na da kusan akwati 90. Ka ƙara ta huɗu, kowace ta miƙa mata ashirin da 'yan kai, kowa ya koma kusan 68. Sannan kowane akwati yana da kwafin ko-ta-kwana guda ɗaya a wata sabar daban. Idan saba ta mutu, masu riƙe da kwafin akwatunanta su zama masu su, a sake yin sabbin kwafi, kai kuma kana can kana cike fom ɗinka ba ka san an yi mutuwa ba. Ba kwafi 49 ba, kwafi ɗaya tak, komai yawan garken.

Haɗa shi da shafin kuwa ba ya buƙatar a sake rubuta manhajar. Ana sa wani mataci ne a bakin ƙofa, wanda duk lokacin da manhaja ta ce ba ni zaman wannan mutum, sai ya ɗauko daga ƙwaƙwalwar karo-karo maimakon ta gida. Spring Session, da aka saki a farkon 2015, ya mayar da wannan dabarar abin yau da kullum ga masu Java, ka zaɓi Redis ko Hazelcast ko ma rumbun bayanai, manhajarka ba ruwanta.

Sai dai fa a saitin ne ake gane gwani. Kwafin nan, a jira sai ya isa kafin a ba mai ziyara amsa, ko a ba shi amsa kwafin ya biyo baya? Hazelcast jira yake yi idan ba ka sauya ba, Redis kuma ba ya jira. Na farko ya fi aminci, na biyu ya fi sauri, amma idan saba ta faɗi a wannan ɗan tsakanin, rubutun ƙarshe ya tafi. Sai girman zaman kansa. A ce mutum miliyan ɗaya ne a kan shafi, kowane zama kilobait 10, gigabait 10 ke nan, da kwafi 20. Idan masu rubuta manhajar malalata ne suna cusa komai a cikin zama har ya kai kilobait 500, kana maganar gigabait 500, da kwafi 1000, kuma duk wannan kayan sai an naɗe shi an aika ta waya an warware a kowace latsawa. A ganina rabin matsalolin da ake ɗora wa waɗannan na'urori daga nan suke. Shi ya sa da yawa ke haɗa biyu: a bar mannewa tana aiki don sauri, ƙwaƙwalwar karo-karo ta zama madogara ranar da saba ta faɗi. Akwai kuma yadda sabobin ke gano juna. A da kowace kan yi shela ne a cikin layin gida, 'yan'uwanta su amsa. Da aka koma hayar sabobi a wurin irin su Amazon, inda galibi ba a barin irin wannan shela, dole aka koma ba su jerin adireshi ko a bar su su tambayi mai gidan hayar.

Babbar fitinar ita ce ranar da ba wadda ta mutu, waya ce kawai ta katse tsakaninsu. Saba 6 sun rabu uku-uku, kowane ɓangare yana zaton ɗayan ne ya mutu, kowanne ya naɗa kansa mai akwatuna 271. Gida ɗaya, masu gida biyu. Eric Brewer na jami'ar California a Berkeley ya faɗa tun a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch na MIT kuma suka tabbatar da lissafi a 2002, cewa idan layi ya katse dole ka zaɓi ɗaya: ko ka ci gaba da amsa wa mutane ka yarda bayanai su saɓa, ko ka tsaya har a gyara. Ga zaman shafi, yawanci ana zaɓar a ci gaba, don kwandon sayayya da ya rasa abu ɗaya ya fi shafin da ya rufe gaba ɗaya. Amma wasu sun ɗauka tunda abin ya riƙe zama lafiya, zai iya riƙe lissafin da ba ya son kuskure. A 2017 Kyle Kingsbury, mai gwajin nan da ake kira Jepsen, ya gwada Hazelcast ya nuna cewa idan layi ya rabu, mutum biyu na iya riƙe makulli ɗaya a lokaci guda, kuma rubutu na iya ɓacewa. Kamfanin ya amsa a 2019 da wani sabon ɓangare mai bin ra'ayin mafi rinjaye, inda ɓangaren da ba shi da rinjaye zai yi shiru. Shawarata ga duk mai gini: zama a ƙwaƙwalwa, kuɗin mutane a rumbun da ke rubutu a faifai.

Kada mu manta da ɓarayi. Katin mai gadi ba ya ɗauke da hoton fuskarka, duk wanda ya zo da shi za a ba shi mashin. A watan Oktoban 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki Firesheep, ɗan ƙarin da ake sa wa Firefox, wanda ke tsince kukin mutanen da ke kan buɗaɗɗen Wi-Fi ɗaya da kai, ka latsa sau biyu ka shiga Facebook ko Twitter ɗinsu ba tare da kalmar sirri ba. Wannan abin kunyar na cikin abin da ya tura manyan shafuka suka rufe dukkan zirga-zirgarsu da HTTPS. Ita ma ƙwaƙwalwar karo-karo, tunda an gina ta ne da zaton tana cikin gida, da yawa ba su zo da makulli ba. A ƙarshen Fabrairun 2018 aka yi amfani da dubban sabobin memcached da masu su suka bari a buɗe, aka antaya wa GitHub ambaliyar da ta kai terabit 1.35 a daƙiƙa, mafi girma da aka sani a lokacin.

Yanzu mu dawo kan maganar MCI da na ce ku riƙe. A watan Mayun 2015 aka tabbatar da ƙa'idar JWT, wadda ke cewa a mayar wa mai ziyara bayanansa ya riƙe da kansa, amma saba ta buga masa hatimin lissafi yadda idan ya sauya ko harafi ɗaya za a gane. Ba akwati, ba kwafi, kowace saba ta duba hatimi ta wuce da kai. Abin da MCI ya nema ke nan shekara 21 kafin nan. Matasan masu rubuta manhaja suka rungume shi hannu bibbiyu. Sai aka zo kan tambayar da ba ta da daɗi: idan an sace wayar mutum, ko an kori ma'aikaci, yaya za a soke takardar da ke hannunsa alhali hatiminta na gaskiya ne kuma wa'adinta bai cika ba? Amsar da aka fi bayarwa ita ce a gajarta wa'adin zuwa 'yan mintuna, sannan a riƙe jerin takardun da aka soke, ko na waɗanda za a iya sabuntawa, a wani wuri mai sauri da duk sabobin ke gani. Wannan wurin kuwa, sau da yawa, Redis ne ko ɗan'uwansa.

Mai son ya gani da idonsa, idan kana kan kwamfuta, buɗe wani shafi da ka shiga, latsa F12, nemi inda aka jera kukis. Idan ka ga JSESSIONID, Java ce a baya. PHPSESSID na PHP ne. Idan kuma SESSION kawai aka rubuta, akwai yiwuwar Spring Session ne, kuma zamanka na kwance a ƙwaƙwalwar wata kwamfuta da ba ita ta amsa maka ba. Doguwar lambar da ke gefensa ita ce katinka, don haka kada ka ɗauki hotonta ka turo mana a sharhi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.